Yadda Ɗan Damagaram Zai Nemi Bursu Don Binciken Gine-gine A Ƙasar Waje

Wannan bayani na wanda ya gama lisansi ko masta ne a fannin zanen gine-gine, ko wani fanni da ke maƙwabtaka da shi kamar injiniyancin gini, tsara birane da labarin ƙasa, yana kuma son ya fita waje ya yi bincike ba da kuɗin aljihunsa ba. Wanda bai daɗe da cin bak ba hanyarsa daban: ko dai kwankur na EAMAU, makarantar zanen gine-gine da tsara birane da ke Lome, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka haɗu suka mallake ta, ko guraben Maroko, Aljeriya da sauransu da ke bi ta ANAB, hukumar bursu ta Nijar, a Yamai.

Daga ranar da ka ɗaura niyya zuwa ranar da ka hau jirgi, ka lissafa wata 15 zuwa 18. Da yawa daga dosiyen da ake mayarwa, gaggawa ce ta kashe su, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da tambaya, ka samo ta a Birni

Masu tantancewa suna karanta ɗaruruwan takardu da ke cewa "ina son nazarin gini mai ɗorewa a Afirka". Duk iri ɗaya ne, ba a tuna ko ɗaya. Abin da ke tsayar da idon farfesa shi ne tambaya ƙarama, mai wuri, wadda za a iya aunawa, kuma wadda kai kaɗai ke da damar zuwa wurinta. Ɗan Zinder yana da wannan a ƙofar gidansa. Tsohon gari, wato Birni da fadar Sarkin Damagaram, yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 don neman shiga kayan tarihin duniya, yayin da Agadas ta samu shiga a 2013. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na ginin ƙasa, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19. Galibin rubuce-rubucen da ake karantawa a jami'o'in waje kan ginin Hausa, Kano da Zariya suka fi shafa. Wannan giɓi shi ne jarinka.

Ga irin tambayoyin da ke da ƙafafu. Me yaɓen siminti ke yi wa katangar tubali bayan damina biyar ko goma? Magina sun san amsar da ido: simintin yana hana katanga numfashi, laima ta taru a bayansa, ƙasar ta ruɓe daga ciki, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bango. Amma auna yawan laimar da kwatanta ta da katangar da aka shafe da makuba, wato shafen gargajiya na ɓawon ɗorawa, wannan aikin bincike ne. Ko kuma: digiri nawa ne tsakanin ɗakin soro mai rufin azara da ɗakin bulo mai kwano da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu? Ko: tun da giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, me ke maye gurbinta, kuma me hakan ya yi wa faɗin ɗakuna da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin soro? Ko: ina ruwan indararo yake bi a lungunan Zango, kuma gidaje nawa ne gindinsu ke cinyewa saboda rashin magudana?

Zaɓi ɗaya tak. Idan ba ka iya faɗa wa tsohon magini tambayarka da Hausa cikin jimla biyu ya gane ba, ba ta nuna ba tukuna.

Ka tara awo tun kana gida

A nan muke son a daɗe, don shi ne abin da ƴan takara kan tsallake, kuma shi ne ke raba dosiye mai nauyi da mai iska.

Nemi gida uku zuwa biyar. Ka fara da mai unguwa, sannan mai gida, ka yi sallama a zaure ka faɗi abin da ke tafe da kai dalla-dalla: "Baba, ɗalibi ne ni, awon ginin nan nake so in yi don karatu, ba na haraji ba ne, ba na rusau ba ne." Wannan magana ta ƙarshe tana da muhimmanci, don mutum da igiyar awo a unguwa yana tayar da hankali. Namiji baƙo sau da yawa zaure ne iyakarsa, saboda haka ka tafi da abokiyar karatu ko ƴar'uwa da za ta auna cikin gida. Ɗaliba mace kuwa tana da rinjaye a nan, tana shiga inda maza ba sa shiga, kuma ya kamata ta rubuta hakan a tsarin bincikenta. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izini.

Kayan aiki ba su da yawa: igiyar awo mai mita 30, ƙaramin mita na ƙarfe mai mita 5, tiyon ruwa na magina don daidaita tsayi, allo, fensir, da sanda mai alamar mita ɗaya da za ka riƙa jinginawa a bango kafin ɗaukar hoto. Ɗakin ƙasa ba ya da kusurwa miƙaƙƙiya, don haka auna bango huɗu kawai ba ya isa. Sai ka auna daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa, duka biyun, in ba haka ba ranar da ka zauna gaban manhajar zane ta AutoCAD zanen ba zai rufe ba. Kaurin katanga ka auna shi a gindi da kuma a sama, tun da ginin tubali yana sirancewa yana hawa. Ka rubuta tazarar azara, yadda aka jera ta a kusurwa don ƙara faɗin ɗaki, tsayin zankwaye, da inda kowane indararo ke zubarwa. Shimfiɗar gida ka zana ta a sikeli 1:100, yankan tsaye a 1:50, haɗin azara da bango a 1:20.

In tambayarka ta shafi zafi, kana buƙatar ƴan ƙananan na'urori masu rubuta zafi da laima da kansu. Huɗu sun isa farawa: ɗaya a soron ƙasa, ɗaya a ɗakin ƙasa mai kwano, ɗaya a ɗakin bulo, ɗaya a waje cikin inuwa inda iska ke wucewa. Kafin ka rarraba su, haɗa su wuri ɗaya su kwana su wuni, ka ga ko suna faɗin abu ɗaya. Wadda ta saɓa ka rubuta yawan saɓaninta. A rataye kowace a tsakiyar ɗaki, kimanin mita ɗaya da ɗan ɗori daga ƙasa, nesa da bango da taga, ta riƙa rubutawa duk minti 30. A bar su aƙalla mako biyu a tsakiyar bazara, a maimaita a watan Agusta, a sake a cikin hunturu. Abin da ke ɓata wannan aiki sananne ne: hasken rana ya faɗa kan na'ura ta nuna zafin ƙarya, batir ya mutu ba a sani ba, yara su sauke ta su yi wasa, ko uwar gida ta shigo da murhun gawayi ɗakin. Saboda haka ka leƙa duk kwana uku, ka kuma roƙi mutanen gida su gaya maka ranar da aka kunna fanka ko aka kwana da ƙofa a buɗe.

Ƙasar ginin ma a duba ta. Cika kwalba mai haske da ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙara ruwa, girgiza sosai, ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka mai laushi cikin ƴan awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Auna kaurin kowane layi da rula ka ɗauki hoto. Gwaji ne na share fage, amma yana nuna wa farfesa cewa hannunka ya taɓa ƙasa. Ka zauna da magina biyu ko uku ka naɗi muryarsu da yardarsu: daga wane kududdufi ake ɗebo ƙasa, kwana nawa ake barin kwaɓi ya ruɓa, yaya ake dafa makuba daga ɓawon ɗorawa, me ake yi da katsi na marina. Ka rubuta kalmominsu yadda suka faɗa.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa muke matsa wa wannan mataki. Jami'o'in Turai da dama suna bin shawarar tafiye-tafiye ta gwamnatocinsu, kuma inshorarsu kan hana ɗalibi zuwa aikin fili a ƙasar da aka sa wa jan launi, wato alamar haɗari, ko da garin ɗalibin ne. Wanda ya tafi da awonsa a hannu, wannan bai tsayar da shi ba.

Takardu, da matsalar suna

Tara takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, fasfo, takardar bak, difloma, da takardun maki na kowace shekara. Shimfiɗa su kan tabarma ka karanta sunanka harafi-harafi. Wannan yana cewa Mahamadou, wancan Mahaman, na uku Mamane. A wani sunan uba ne a gaba, a wani a baya. Takardar kotu ta ce "an haife shi wajen shekara kaza", fasfo ya ce 1 ga Janairu. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfutar ofishin biza ba ta sani ba. Fasfo shi ne alƙali: duk fom da za ka cika, rubuta suna yadda yake a cikinsa, sauran takardun da suka saɓa kuma ka nemi gyara ko takardar shaidar cewa mutum ɗaya ne tun yanzu, don abu ne mai cin watanni.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla shekara biyu. In difloma ta asali ba ta fito ba, karɓi takardar shaidar cin jarrabawa, ka kuma tambayi masu bursun a rubuce ko suna karɓar ta. Kwafi a buga musu hatimi a ma'aikatar magajin gari, fassara zuwa Ingilishi kuwa sai ta mai fassara da ya yi rantsuwa a kotu, wasu ƙasashen kuma suna son tambarin ma'aikatar harkokin waje a kai. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, don haka haɗa duk abin da ke buƙatar zuwa can ka yi shi a tafiya ɗaya. Takardar shaidar rashin laifi wata uku take yi ta mutu, ita ce ta ƙarshe da za ka nema.

Makinmu bisa 20 yake, kuma malamanmu ba su da sakin hannu. Wanda ya samu 14 gwarzo ne a nan, amma in aka juya kai tsaye 70 cikin 100 ke nan, wanda a wata ƙasa matsakaici ne. Roƙi makarantarka ta ba ka takarda mai bayanin tsarin makinta da matsayinka a aji. "Na uku cikin 42" ya fi 14 magana.

Harshe

Faransanci zai kai ka Faransa, Maroko, Tunisiya, Beljiyam, wani ɓangare na Suwizalan da Kanada. Sauran duniya galibi Ingilishi take nema, kuma kusan duk mujallun bincike da shi ake rubuta su. Jami'o'i da yawa suna neman maki 6.5 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko makamancinsa a ta TOEFL, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki, kada ka yi shi da wuri ya mutu kafin ka buƙace shi. Ba wa kanka wata shida na karatu kullum. In za ka yi jarrabawar ta intanet daga gida, tanadi wuta da layi na biyu, don yankewa ɗaya tana iya cinye kuɗin duka.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Japan tana da bursun MEXT, wanda ke da rukuni na musamman na ɗalibin bincike. Ana nema ta ofishin jakadancin Japan da ke kula da Nijar, wanda yake Abijan, galibi wajen Afrilu da Mayu, ga wanda bai kai shekara 35 ba. Suna son shekara 16 na karatu don shiga masta; firamare 6, kwaleji 4, lise 3 da lisansi 3 sun cika daidai. Suna biyan kuɗin makaranta da jirgi, da kimanin yen 143,000 a wata, kuma akan fara da wata shida na koyon Japananci. Bayan ka tsallake matakin ofishin jakadanci, kai ne za ka nemo farfesa ya ba ka takardar karɓa.

Turkiyya tana buɗe Türkiye Bursları daga Janairu zuwa Fabrairu, ta intanet kawai. Masta ƙasa da shekara 30, dakta ƙasa da 35, maki 75 cikin 100, sannan shekara guda ta koyon Turkanci. Sin tana da bursun gwamnati na CSC. Jamus tana da hukumar bursu ta DAAD, wadda wasu shirye-shiryenta ke neman shekara biyu ta aiki bayan digiri. Chevening ta Ingila masta ce ta shekara ɗaya, ita ma tana neman shekara biyu ta aiki. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai tana ba da yuro 1,400 a wata, kimanin jaka 918 ta sefa, kana karatu a ƙasashe biyu ko fiye. Bursun gwamnatin Suwizalan ba ya motsi sai da wasiƙar farfesan da ya yarda ya riƙe ka. A duba kuma na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi.

Ga mai sha'awar ginin ƙasa, cibiyar CRAterre da ke Grenoble a Faransa, wadda aka kafa a 1979, ita ce aka fi sani. Sai dai ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, saboda haka kafin ka zuba ƙarfinka a kowace ƙasa, fara gano inda ɗan Nijar zai nemi bizarta da abin da tafiyar za ta ci. Nemi uku ko huɗu a shekara ɗaya, kowace da takardar da aka rubuta dominta. Kuma neman waɗannan bursu na gwamnatoci kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya ya sama maka gurbi, ɓarawo ne.

Farfesa da tsarin bincike

Kada ka zaɓi jami'a don sunanta, zaɓi mutumin da ke aiki kan abin da ya yi kama da naka. Shiga Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen bincike, nemo maƙaloli na shekaru biyar da suka wuce kan ginin ƙasa, zafi a cikin gidaje ko adana tsoffin birane, ka fitar da suna goma. Karanta aƙalla maƙala biyu na kowane ɗaya kafin ka rubuta masa.

Wasiƙar kada ta wuce layi 12. Wane ne kai, wace maƙalarsa ka karanta da abin da ka ɗauka a ciki, tambayarka, abin da ka riga ka auna, bursun da kake nema da ranar rufewa. Haɗa da takardar tarihin karatu da shafi ɗaya mai zanen gida guda da jadawalin zafinsa. Shafin nan ɗaya shi ke sa a amsa. In mako biyu ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, sannan ka wuce na gaba. Wasiƙa ɗaya da aka watsa wa mutum 30 ana gane ta daga layin farko.

Tsarin binciken kansa shafi biyu zuwa biyar ne, gwargwadon abin da aka nema. Ya ƙunshi tambaya, abin da wasu suka yi da inda suka tsaya, hanyar aiki da adadi (gida nawa, wata nawa, wace na'ura, wace manhaja, misali EnergyPlus don kwaikwayon zafi ko QGIS don taswira), jadawalin watanni, da dalilin da ya sa sai a wannan ɗakin bincike. Kuskuren da aka fi yi shi ne cinye rabin takarda wajen ba da labarin talauci da hamada. Sun sani. Sakin layi ɗaya ya isa, sauran a ba hanyar aiki. Kuskure na biyu, kwafe rubutun wani: akwai manhajar da ke kamawa, kuma wanda aka kama ba a sake duba shi.

In kana shakkar ko aikin ginin ƙasa yana da daraja a idon masu tantancewa, duba tarihi. Masallacin Yama a jihar Tawa, ginin Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mariam Issoufou ta yi karatun gine-gine a Jami'ar Washington, ta dawo ta yi aikin Hikma, wato masallaci da ɗakin karatu, a Dandaji da bulon ƙasa tare da Yasaman Esmaili. Francis Kéré na Burkina Faso da bursu ya je Jamus, makarantar ginin ƙasa da ya yi a ƙauyensu Gando ce ta fito da shi, ya kuma karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022.

Kundin ayyuka da masu shaida

Shafi 15 zuwa 20, aiki huɗu ko biyar, mafi kyau a gaba. Ga ɗalibin bincike, awon Birni da zanen hannu sun fi hoton kwamfuta na bene mai gilashi. Kowane zane da sikeli da alamar arewa, aikin rukuni kuma a faɗi ɓangaren da kai ka yi. Matse fayil ɗin ya shiga iyakar da suka sa, sannan ka buɗe ka ga ko rubutun yana karantuwa.

Masu shaida biyu ko uku, waɗanda suka ga aikinka da idonsu. Je ka same su mako shida kafin rufewa: "Malam, ga tsarin binciken, ga ranar ƙarshe, za a aiko muku da saƙo ta imel." Malamin da ya duba kundin kammala karatunka ya fi babban mutumin da bai san ka ba. Ka tura dosiye kwana uku kafin wa'adi, don ranar ƙarshe shafin kan cushe, kuma agogon ƙasarsu ake bi.

Hira da shirin tafiya

A hira tambaya uku ba sa wucewa: me za ka bincika, me ya sa a ƙasarmu, me za ka yi in ka koma. Shirya amsar kowace cikin minti biyu, ka gwada a gaban wanda ba ɗan fannin ba.

In an ɗauke ka, karanta yarjejeniyar da kyau: wata nawa za a biya, ko akwai inshorar lafiya, ko an yarda ka dawo aikin fili ba tare da an yanke kuɗin wata ba. Wannan na ƙarshe ka nemi amsarsa a rubuce daga farfesa da ofishin bursu. Kuɗin farko yakan makara, ga kuɗin ajiya na ɗaki, don haka riƙe abin da zai ɗauke ka mako shida. Katin rigakafin shawara da asalin takardunka su kasance a jakar hannu. Ka sani kuma digirin bincike ba shi ne izinin sa hannu a zanen gini ba. Wannan yana hannun ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Nijar da sharuɗɗanta, gara ka tambaye su kafin ka zaɓi kwas.

Awonka ka adana shi wuri uku: kwamfuta, ƙaramin faifai, da intanet. Littafin fili na takarda ka ɗauki hoton kowane shafi. Kafin ka bar gari, buga zanen kowane gida ka kai wa mai shi, ka karɓi lambar wayar maginan da ka yi hira da su, ka kuma koya wa ƙane ko abokin karatu yadda ake sauke bayanan na'urorin da canja musu batir, domin a shekara ta biyu farfesa zai tambaye ka awon wata damina, kai kuwa kana nesa.